Ranar da Na Riƙe Tiyo a Ƙasan Rijiya

Ƙarar injin ban ruwan ce ta fara yi mini nisa. Ga shi a gefen ƙafata yana girgiza, amma ina jin sa kamar daga garkar wani yake kuka. Na ɗaga kai, hasken da ke ratsowa ta zanar da aka rufe bakin rijiyar ya rabu biyu.

Garkar Baba, wato lambunmu, tana Jiratawa, kusa da gulbi. Zogale muke yi da ɗan albasa. Ina ƙarama durƙusawa kawai ake yi a ɗebi ruwa da ƙwarya a rijiyar nan. Daga baya kowa ya sayi inji, ruwa ya riƙa sauka. Inji kuwa ba ya iya zuƙo ruwa daga nesa, sai mu muka bi ruwan: a faɗaɗa rijiya, a yi wa inji mazauni a ciki, a saukar da shi da igiya. Kowane rani a ƙara zurfi. Bana Baba ya rufe bakin da zana saboda rairayi da ke zubawa.

Ruwan da ya rage a ƙasa bai fi cikin tasa ba, a hankali yake tsattsafowa. Dole wani ya tsuguna ya riƙe bakin tiyo cikin ruwan, don in ya zuƙi iska inji ya saki, kafin a sake tayar da shi injinan maƙwabta sun janye ɗan abin da ya taru. Yayana ne ke yin wannan, ya tafi cin rani bai dawo ba. Gwiwar Baba ta kumbura. Ni ina zaune Sabon Gari a Maraɗi wajen Gwaggo, yayar Baba, ina taya ta tsaron shago tun da na gama lise, wato sakandare. Na zo gaishe da Baba ne, na tarar zogale ya sunkuyar da kai, na ɗaure zane na sauka.

"Ɗiyata, yana zuwa!" Baba ke kira daga sama, da murna a muryarsa. "Riƙe dai, saura fangalin ƙarshe!"

Kaina ya yi nauyi, zuciyata na tashi. A lakwal an koya mana hayaƙin inji yana kashe mutum a ɗaki rufe, har na rubuta a jarrabawa. Ban taɓa tunanin rijiya ɗaki ba ce. Na buɗe baki in ce Baba, ban san ko sauti ya fita ba. Abin da har yau na kasa mantawa shi ne ban saki tiyon ba. Ina ganin tsani a gabana, ina tunanin fangalin ƙarshe.

An ce sai da ruwa ya yanke a sama Baba ya leƙo zai yi mini faɗa. Ya yage zanar, ya sauko da gwiwar nan tasa, ya kashe inji, ya ɗaura mini igiya a ƙirji, maƙwabta suka jawo. Na tuna babur ɗin kabu-kabu, ina tsakanin mai tuƙi da Baba, da wari irin na isanshi, man fetur, a maƙogwarona har Maraɗi.

A gidan likita na farka sosai, da roba a hanci, muryar Gwaggo a kaina.

"Kai da furfurarka! Ɗiya mace ka tura rami? Zogalen ne zai haifa maka jika?"

"Yaya, ita ta ce za ta sauka."

"In ta ce za ta kwanta kan titi sai ka shimfiɗa mata tabarma?"

Baba ya shafa gwiwarsa. "To mi za mu ci? Rijiyar nan na gada. Kowa saukar da inji yake. In na bari, na kusa da ni ya sha rabona."

"Ka sayar da garkar."

"Wa zai sayi garka ba ruwa?"

 Ban taɓa ganin an ƙure Gwaggo ba sai ranar.

Na jawo hannun rigarsa. "Baba, gobe wa zai sauka?"

"Na cire zanar ai," ya ce. Bai dube ni ba.

Bayan la'asar wata majo, ma'aikaciyar jinya, ta zo, doguwa, ta haska idona, ta sa na faɗi sunana da na unguwarmu, na taɓa hanci da yatsa. Ta tambayi Baba zurfin da injin yake. Da ya faɗa ta girgiza kai, ta ce ita 'yar Tibiri ce, nasu injin ya fi haka zurfi, ƙanenta ne ke sauka.

Ta cire mini robar, ta dafa goshina. "Ke dai kin tsira, ƙanwata. Hayaƙin ya fita daga jininki. Ki gode Allah."

Gwaggo ta ɗaga hannu tana hamdala. Na ce alhamdu lillahi ni ma. Baba ya dafa bango ya miƙe, yana ta lissafin ko zai sami mota zuwa Jiratawa kafin magariba.