Ƙanƙarar Ruƙayya a Hanyar Lis

Utaibiyya

Tun kafin kiran asuba Ruƙayya, 'yar ƙanwata mai karatu a jami'a, ta zuba ƙanƙara a kula ta saka a motata, a nan unguwarmu ta Utaibiyya a Makka. Wai bakin teku za mu, garin Lis, ɗibar laka. Laka kuma! Ta ce masu gadin gaɓa yini ɗaya tak suka ba ta izini, in ta rasa wannan sai ta maimaita shekara.

A shingen bincike ɗan sanda ya duba iƙamata, katin izinin zama, ya ce ina zuwa. Na ce, “Wallahi tambaye ta.”

Lis

Da hantsi muka isa, bayan mun karya da tamis da ful, wato gurasa da wake. Ga itatuwan shura tsaye cikin ruwan gishiri, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta shiga har gwiwa tana kankare saman laka cikin 'yan kwalabe.

“Ya Kawu, akwai gansakuka a ciki, ido ba ya gani sai da na'ura. Irin wadda ta fi yawa ita ke nuna yawan takin da ke cikin lakar.”

“To wa zai yi noma a teku?”

Ta yi dariya, ta ce, “Yalla, riƙe min.” Na riƙe, amma ban fahimci komai ba.

Yalamlam

A hanyar dawowa, a mikati inda ake ɗaura harami, Ruƙayya ta shiga sallah. Nan na tarar da motar masu umara ta lalace, tsofaffi 'yan Damagaram zube cikin rana, wata tana neman suma. Wane ɗan Makka ne zai ga baƙin Allah haka yana da ƙanƙara? Ni dai na ɗauka don ruwan sha aka zubo ta. Na fitar da kwalaben laka daga kular na jera a kan kujera, na rabar da ƙanƙarar tas.

Da ta fito ta taɓa kwalba ɗaya, ta ji zafi rau.

“Kawu, ina ƙanƙarar? Zafi lalata su yake yi!”

Na nuna mata tsohuwar, ta farfaɗo tana ta sa mana albarka. Ruƙayya ta daɗe tana kallonta, hawaye na zuba. Sai ta ɗauko ruwanta na sha ta kai mata.

Gida

Mun iso Utaibiyya lafiya bayan la'asar, mun gode Allah. Ta jera kwalaben a firji duk da haka. Uwarta ta ce, “An dace?”

Ta ce, “Kawu ya dace.” Na kasa cin tuwon da aka kawo mini.