Kwanon da Shadrak Ya Mayar Tabotaki

Shadrak Tanimu yana da shekara hamsin da shida, dattijo ne a majami'ar da ke bayan asibitin mishan, a ƙasar Madawa. Shekara ashirin da bakwai aikinsa ɗaya a asibitin: shi ke wanke almakashi da wuƙaƙen tiyata, ya tafasa su, ya jera. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ba ya makara. Wannan mutumin ne bara ya mayar da yayansa daga ƙofar gida da kwanon nama a hannu, kuma ya yi kusan shekara yana ganin daidai ya yi.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Tabotaki, cikin ƙasar Buza, a gidan manoman gero, Musulmi tun kaka da kakanni. Tanimu ake kiransa a gida. A 1968 gyambo ya ci masa ƙafa, aka kawo shi asibiti, ya yi wata biyar a kwance. Da ya warke ya sami aikin shara, ya koyi karatu, a 1971 aka yi masa baftisma ya ɗauki sunan Shadrak. Ubansa ya ce kada a ƙara ambatonsa a gidan.

Mutum ɗaya ne bai bi wannan umarni ba: Mahaman, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Rana ta uku ga layyar da ta biyo, sai ga shi a ƙofar asibiti da kwanon uwarsu, wani babban farin kwano mai shuɗin baki da murfi, cike da soyayyen nama. Bai yi wa ƙanensa faɗa ba, bai tambaye shi komai ba. Ya ce, "Inna ta ce ka ci." Suka zauna suka ci. Mahaman ya bar kwanon ya tafi, domin a yankinsu na Adar kwanon da ya kawo abinci ba a mayar da shi wofi. Da Kirsimati ta zo, wadda nan ake kira Nowel, Shadrak ya sayi bunsuru, ya kira maƙwabcinsa Isufu mahauci ya yanka yadda Musulmi za su iya ci, ya cika kwanon ya kai Tabotaki.

Haka kwanon ya yi ta kai da kawo shekara ashirin da shida. Uban ya rasu, uwar ta rasu, bai fasa ba. A yunwar 1984 ya zo da naman akuya, rabinsa ma bai cika ba, amma ya zo.

A 1993 Shadrak ya fara ciwon kai da jiri. Aka auna shi, aka ce tansiyo ne, hawan jini. Likita ya gaya masa abu uku: ya rage gishiri, ya rage mai, ya sha maganinsa kullum. Ma'aikatan asibiti rejim suke kiran wannan. Cikin wata shida jininsa ya sauka, kansa ya daina ciwo. Da a nan ya tsaya, da babu abin rubutawa a kansa.

Sai ya sayi wani tsohon ɗan littafin Faransanci a kasuwar Madawa, marar bango, wanda ba a san ko wa ya rubuta shi ba, ko don mutanen wace ƙasa. Da ƙyar yake karanta Faransanci, amma ya haddace shi. Inda likita ya ce a rage, shi ya ce a bari. Gishiri ya fara fita daga gidan. Daddawa ta bi shi, sai man shanu, sai man gyaɗa, sai kanwa, sai cuku, sai nama. Furar kasuwa ya ce bai san ruwan da aka dama ta da shi ba. Ruwan sha kuwa sai an tafasa shi minti ashirin, yana tsaye da agogo a hannu, daidai yadda yake yi wa almakashin tiyata, sannan a zuba masa a tarmos, wato filas, ya rataya a kafaɗa duk inda za shi.

Tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan. Saboda haka abin da ya ci, shi matarsa Marta ke ci: tuwo ba kanwa, dafaffen zogale, wake da albasa. Ita ba ta da tansiyo, ba ta taɓa yi ba. A 1993 kilo sittin da ɗaya take. A 1997 ta koma hamsin. Matar dattijon ikilisiya, mai jikoki huɗu, ta koma laɓewa a bayan rumbun maƙwabciyarta don ta ci loma biyu ta tuwo da miyar kuka mai gishiri, ta kurkure baki kafin ta koma ɗakinta.

A majami'a ya sami wa abin nasa riga. Ya riƙa cewa jikin mai bi haikali ne, dole a tsare shi. Maganar gaskiya ce, babu Kiristan da zai musa. Amma ranar Lahadi, lokacin da wasu ke tashi su ba da shaidar abin da Allah ya yi musu, shi lambar tansiyonsa yake karantawa. A bikin aure yakan zaga bayan tukwane yana tambayar mata ludayi nawa na mai suka zuba, alhali tun asuba suke gaban wuta. Suka sa masa suna Malam Rejim. Da can shi ne kan gaba wajen zuwa ƙauyuka gaida marasa lafiyan da aka sallama. Ya daina, don ya san duk gidan da ya shiga za a miƙo masa ƙwaryar fura.

Layya biyu Mahaman ya kawo nama, Shadrak ya karɓa ya ce zai ci an jima. Mahaman ya lura.

Sai layyar 1998, cikin watan Afrilu. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna da yawa a ƙasar Buza sun ƙare tun kafin bazara. Duk da haka Mahaman ya sami ɗan ƙaramin rago. Aka yini ana gasa shi a gefen wuta, washegari aka raba, matarsa Kaltume ta soya rabon Tanimu da gishiri don ya jure hanya. Mahaman, mai shekara sittin da biyu, ya hau bayan kamiyo, wato motar kaya, daga Buza, ya iso da azahar.

Bayan gaisuwa ya ajiye kwanon a kan tabarma. "Tanimu, ga rabonka."

Shadrak ya buɗe murfi, ya sunkuya ya shinshina, ya rufe.

"Yaya, wannan guba ce. Gishiri da mai kawai. Ba ni ci."

"Mi ka ce?"

"Ba da kai nake ba. Da naman nake."

"Naman wa?" in ji Mahaman. Ya dakata. "To, ba Marta."

"Ita ma rejim take."

Marta ta leƙo daga madafa. "Ni? Wa ya tambaye ni? Malam, don Allah ka karɓa. Ko maƙwabta mu ba."

"Abin da na san yana kisa, ba ni ba kowa," in ji Shadrak.

Mahaman ya miƙe a hankali, ya ɗaure kwanon a cikin ƙyallen da ya zo da shi. "Ashe shekara ashirin da shida guba nake kawo maka. Ka yi tsawon rai, Tanimu." Marta ta biyo shi da ruwa har bakin hanya, bai sha ba.

Mayar da kwano wofi abin kunya ne. Mayar da shi da abin da ya zo da shi, ba a ma da sunan da ake kiransa. A ƙauye babu wanda ya ji labarin tansiyo, kuma babu wanda ya damu ya ji. Abin da aka gani shi ne Mahaman ya dawo da namansa. Abin da aka faɗa shi ne Kirista ya ce naman layya ƙazanta ne. Tsofaffin da suka hana Mahaman tafiya tun 1972 suka ce da ma sun faɗa. Akwai gida biyu na Kirista a wannan yanki, talakawa, waɗanda ba su san komai game da rejim ba. Daga ranar maƙwabtansu suka daina aiko musu da abinci.

Da Nowel ta zo, kwanon yana Tabotaki. Marta ta sayi wani, ta cika, ta ba direban kamiyo ya kai wa Mahaman. Ya dawo da shi yadda ta ɗaure shi. Layyar bana ta zo a ƙarshen Maris, rana ta uku ta wuce, ta huɗu ta wuce, ba wanda ya yi sallama. Shadrak ya ce wa Marta, "Wata rana zai gane."

An tambayi likitan da ya duba shi. Amsarsa gajera ce: "Cewa na yi a rage. Yanka uku na nama sau ɗaya a shekara ba za su yi masa komai ba."

Ranar idin tashin Almasihu, bayan an tashi sujada, Fasto Yoshuwa ya tsayar da shi a gindin bishiyar bedi. Faston ya girme wa ƴaƴan Shadrak da kaɗan ne, Baba yake kiransa.

"Baba Shadrak, Ubangijinmu ya ci abinci a gidan kowa, har aka zarge shi a kai. Ban taɓa karanta inda ya buɗe murfi ya shinshina ba."

"Fasto, lafiya amana ce. Tansiyona yanzu goma sha biyu bisa takwas."

"Mun sani, Baba. Duk ikilisiya ta haddace. Na Mahaman nawa ne?"

Fasto bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Shekara ashirin da shida kwanon nan yana yi mana wa'azi a Tabotaki, wa'azin da ni ban isa in shiga in yi ba. Ka rushe shi a kan gishiri. Abin da ya fito daga bakinka ran nan ya fi abin da ke cikin kwanon ɓarna."

"Ni ban zage shi ba."

Marta tana tsaye gefe da mayafinta. Ta ce, "Fasto, bari in gaya masa, tunda shi tarmos kaɗai yake ji. Malam, yayanka ya kwanta tun watan Fabrairu. Sati uku bai tashi ba. Direba ya gaya mini. Sun kai shi ɗakin shan magani a Buza a kan amalanke, ga ƙanensa a babban asibiti. Ya ce ko ya mutu kada a aiko maka, kada ka zo zaman makoki a ba ka guba."

Ranar Asabar da ta biyo Shadrak ya hau kamiyo. Tarmos ɗin yana kafaɗarsa, wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Ya tarar da Mahaman a rumfa, ya rame, yana gyaran igiya. Suka gaisa kamar baƙi. Kaltume ta kawo ƙwaryar fura ta ajiye a tsakaninsu ba tare da ta dubi ƙanen mijin nata ba, ta koma ciki.

Mahaman ya dubi tarmos. "In awo ka zo yi, koma. Ruwan rijiyarmu ne, ba mu tafasa shi ba. Shi ka sha har ka girma."

Ya ɗebi ludayi ya sha, ya miƙa. Kaltume, wadda ke leƙe ta katanga, ta ce ludayin ya daɗe a sama. Sannan Shadrak ya karɓa. Ya sha ɗaya, ya sha biyu, ya sha uku.

"Yaya, na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Ga Allah kake neman gafara. Ni mi nike da shi?"

"Naman bana fa?"

"Wane nama? Rabonka tun ran nan anka ba wanda ke so."

Sun zauna har la'asar. Mahaman bai ce ya yafe ba, bai ce zai zo baɗi ba. Da Shadrak ya tashi tafiya, Mahaman ya kira Kaltume ta ɗauko farin kwanon. Wanke yake tas, babu komai a ciki. Ya miƙa masa a gaban mutanen da suka taru a bakin rumfa. "Ga shi. Mu ga abin da zai zo da shi."

Gidaje biyun nan na Kirista har yanzu ba a fara aiko musu da komai ba. A gidan Shadrak daddawa ta koma tukunya, gishiri kuwa shi ke auna wa Marta da murfin kwalba, tana karɓa tana ƙarawa a gabansa. Shekaranjiya ya je kasuwar Madawa ya sayo ɗan bunsuru, ya ɗaure shi a bayan ɗaki. Jiya da safe ya ƙwanƙwasa wa Isufu mahauci, ya ce ya riƙe masa ranar yankan Nowel. Isufu ya ce ai saura wata takwas. Shadrak ya ce ya sani, a dai riƙe masa.