Layar da Ta Shanye Wutar Buji

Har gobe ba ni mantawa da ranar da aka ɗauko ni a moto, wato babur, daga garejinmu na Gidan Rumji zuwa lambunan gulbi, wajen Gidan Sori. Rani ne, lokacin dashen tumatir. Ƙungiyar masu lambu injin ban ruwa guda gare su, mai silinda biyu, ana ba da shi bi da bi. Da aka zo kan Baba Isufu, dattijon da ya dashe lambunsa kaf da wannan sa rai, sai injin ya kama tari, ya ƙi jan ruwa. Ko da na isa, dashen ya fara kwantawa.

Ga wanda bai san aikin ba, kowace silinda da bujinta, ita ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. In ɗaya ta mutu, injin yakan tashi amma ba ƙarfi. Na kwance ta farko, na jingina ta da ƙarfe, na ja igiya, ga wuta shuɗiya. Ta biyu shiru. Na sa sabuwa, shiru. Na tambayi shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ko wani ya taɓa injin.

"Wallahi, Malam Lawali, ba wanda ya taɓa shi."

Babban mutum ya rantse, me zan ce? Na ɗora laifin kan bobin, wadda ke tura wa buji wuta. Babu irinta a gari, sai Maraɗi. Wuni ya tafi. Washegari na ɗaura ta, har yanzu shiru! Sai na bi wayar buji da yatsa, can ƙarƙashin tankin mai na ji ƙulli. Laya ce, an ɗaure ta da wayar ƙarfe, an murɗe har ta yanke robar, wutar tana zurarewa jikin injin.

"Alhaji, wannan fa?"

"A'a, kar ka taɓa! Ta maganin baki ce, ni na sa ta."

"Ba kai ka rantse mini ba?"

"To ai sa laya ba taɓawa ba ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Alhaji! Ban hana ka laya ba. Amma duk faɗin injin nan ba ka ga wuri ba sai hanyar wuta? Zare ya ƙare a duniya ne?" Na kwance ta, na rataye ta da tsumma a mariƙin injin, na naɗe wayar. Ja ɗaya ya tashi.

Ruwa ya isa lambun Baba Isufu, amma dashen ya riga ya ƙone. Tsohon ya tsuguna yana murza busassun ganyen. Alhaji kuwa ya juya yana gaya wa mutane wai ba don layar ba da injin ya mutu gaba ɗaya.

Ku da kuka shigo sana'ar nan, ku ji da kyau: ku bi waya da hannunku daga farko har ƙarshe kafin ku saurari mai inji, ko da hadisi ya zo. Rantsuwa ɗaya ta cinye wa tsoho amfanin rani guda, kuma har yau ba wanda ya taka gidansa ya ba shi haƙuri.