Sarƙar Moto da Buhun Iri

Shekarar da fari ya sake dawo mana, soja na kan mulki, ni kuma ina yawon sayen fata a ƙauyukan Mayahi ina kaiwa Tasawa. Sana'a ce mai ciwo a lokacin, don mutuwar dabbobi ce ta sa fata ta yi yawa. Abin hawana wani tsohon moto ne ja, wato babur, mai tari da hayaƙi, amma duk garinmu, can gefen garin Sarkin Hausa, babu wanda zai ce ya taɓa ganina ina tura shi. Ban iya gyaran inji ba, ba zan yi ƙarya ba. Sarƙa ce na sani, kuma na san ta ciki da bai.

A ƙasarmu rairayi ke cin sarƙa. In ta saki, mutane su cire mata gaɓa ɗaya. In haƙoran kuron, wato babban faifan baya, suka lanƙwashe, sai a juya shi ya ci ta ɗaya gefen. Ni ma na yi wannan dabarar har ta ƙare. Da bazara ta kama, haƙoran pinyon, ƙaramin na gaba, sun yi tsini kamar ƙayar aduwa. Sai na ɗauki rediyona na kai kasuwar Tasawa, na dawo da sarƙa da pinyon da kuron, duka sababbi. An yi ta ce mini sarƙa kaɗai ta isa. Na ce sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora, kafin wata ya mutu ta tsufa ita ma.

Kowace safiya nakan wanke ta da kananzir, in bi ta da gashin kaza ina ɗiga mata mai kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa rairayi yake kamawa. Sannan in bar mata sako-sako, yadda yatsa zai ɗaga ta ya sauke. Dalili kuwa, in kaya suka hau moto ya nutsa, sarƙa da kanta take ɗamewa. 'Yan gari suna wucewa suna tsokanata, wai ana yunwa ni ina yi wa amarya lalle. Ni kuwa bakina bai mutu ba, nakan ce amaryata ba ta taɓa yaji ba.

Wanda abin ya fi damu shi ne yayana. Mai amalanke ne, mutumin igiya, in ya ɗaure kaya sai an sa wuƙa. A ganinsa duk abin da ke reto sakaci ne. Jakinsa ya mutu a wannan shekarar, ya zauna hannu babu aiki, kuma duk sanda ya gifta sai ya taɓa sarƙata da ƙafa ya girgiza kai. Na taɓa yi masa bayani, ya ce tun ina rarrafe yake ɗaurin kaya. Na ja bakina, don shi ne babba.

Gidanmu, kamar kowane gida, mun cinye iri. Rumbu babu ko zangarniya. Abin da ya rage mana shi ne alkawarin kawunmu na Bawdeta, wanda ya ɓoye buhu guda na gero ya ce namu ne ranar da ruwa ya sauka. Bai yarda ya ba mu tun da wuri ba, ya san za a kai shi turmi. Ruwan kuwa ya sauka wata asuba, mai yawa. Duk wanda ya yi noma a jigawa ya san danshin farko ba ya jiran kowa. In rana ta sha shi kafin ka zuba iri, sai ka koma jiran wani ruwan, a shekarar da babu mai tabbacin wani zai zo. Baba ya dube ni. Na shiga ɗaki in yi wa Inna sallama, ta tsaya tana yi mini addu'a mai tsawo, na fito na buga moto.

Zuwa lafiya lau. Na ji ɗan kuka daga ƙafar baya, na ɗauka jiƙaƙƙen rairayi ne, don jiya-jiya na daidaita sarƙar da hannuna. Kawu ya ɗora mini buhu, muka ɗaure. A dawowa na bar babbar hanya, saboda a shekarun nan duk mai buhun hatsi sai ya sha tambaya a shinge, ni kuwa ba ni da lokacin amsa. Na bi burtali. Rana ta take tsaka, na faɗa wani kwari da nauyin buhu, sai na ji ƙas, inji ya yi ihu shi kaɗai, moto ya tsaya.

Sarƙata na kwance a rairayi can baya. Da na duƙa wajen ƙafar baya, na ga kusoshin ɗame sarƙa an matsa su har ƙarshe, kawunansu duk tabon filaya. Mutum ɗaya ne a garinmu ke kama kusa da filaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zagi rairayi, na zagi filaya, na faɗi maganganun da na ji daɗi babu mai ji sai sabara. Ga ƙasa tana bushewa ina kallo, samanta har ya fara yin fari.

Amma ban tsorata ba. Sa'ar da na yi, a mahaɗi ta tsinke, wato gaɓar da ke haɗa bakinta biyu, ni kuwa ban taɓa jefar da mahaɗin tsohuwar sarƙa ba, yana cikin tsumma a ƙarƙashin sirdi. Na tsiyayo isansi, wato fetur, daga tanki na wanke sarƙar tas, na sassauta ƙafar baya na tura ta gaba, na zura sarƙa a pinyon, na haɗa bakin biyu a kan kuron. Na maƙala ɗan makullin mahaɗin, rufaffen kansa na duban inda sarƙa ke tafiya, don kada kirare su fizge shi. Sannan na hau moto da buhun a kai, na miƙa hannu na gwada, na ɗaure kusoshi. Tun daga nan har gida ko tari moto bai yi ba.

Na iso da la'asar, na tarar duk gidan suna gona, an sare ramuka ana jira. Baba ya tura yatsa cikin rami, ya ciro shi da damshi a jiki, ya yi hamdala. Mata suka cika ƙorai suka bi layi. Ni kuwa na nufi yayana da magana cike da baki, tsinkakken mahaɗi a aljihuna. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Ka yi ma yayanka godiya," ya ce. "Shi yaɗ ɗame maka sarƙagga da sahe kana ɗakin uwarka. Ba don shi ba, da mi za ka iso?"

Na dubi yayana. Tunda jakinsa ya mutu ban ga fuskarsa a sake haka ba. Na ce na gode, Yaya. Na karɓi ƙwarya na bi layi.

Gero ya tsiro. Sai dai na san in na yi shiru gaba ɗaya, gobe ma filaya za ta dawo. Wata safiya ina gyara, na roƙe shi ya taimaka ya zauna mini a kan moto, wai ina son nauyi. Na ce ya sa yatsa a sarƙa tukuna. Ya taɓa, tana reto, ya taɓe baki yadda ya saba. Ya hau, ya zauna da ƙarfinsa, na ce ya sake taɓawa. Ya miƙa hannu ƙasa, ya ji ta ɗame. Ya tashi, ta saki. Ya sake zama, ta ɗame.

"Ran nan," ya ce, "ina tat tsinke maka?"

Na ce a kwarin burtali ne, kuma ba ta ɓata mini lokaci ba.

"Baba ya sani?"

Na ce babu wanda ya sani. Ya sauko, ya shiga rumfarsa, ya fito da filayar nan ya ajiye ta cikin jakar kayan gyarana. Tana nan har yau.