Gaisuwar Dangin Ango a Ajin Lissafi

Jiya a Dutse na hango (x + 2)(x + 3) a allon wata makaranta, sai marigayi malaminmu na lissafi a Taura ya faɗo mini a rai, da ƙamshin almiskinsa da ƙurar alli a hannun rigarsa.

A wancan lokacin hankalina yana kan littattafan soyayya. Baba ya ce in lissafi ya sake kayar da ni, karatu ya ƙare. Kullum na farko da na farko nake ninkawa, na ƙarshe da na ƙarshe, in samu x² + 6.

Malam ya duba takardata, ya yi murmushi. "'Yata, mutum biyu daga dangin ango sun iske biyu daga dangin amarya. Kowa zai gaida kowa na ɗaya ɓangaren. Gaisuwa nawa ke nan?"

"Huɗu, Malam."

"Ke biyu kika yi. Ai sai a fasa auren!"

Muka kwashe da dariya. Na gyara, 5x ta fito a tsakiya. A shekarar na ci jarrabawa.

Daga baya Malam ya yi ritaya, ya koma gonarsa ta gero, can ajali ya same shi. Allah ya haskaka kabarinsa.