Ƙullin Daddawa da Lilon Kaduna

Shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare a Birnin Gwari, malaminmu ya ce an kafa wani babban filin wasa a Kaduna, kuma makaranta za ta kai mu mu wuni. Ya zana mana babban lilon a allo: kamar ƙafar keke yake, amma ya fi rimi tsawo, kujeru na reto a jikinsa. Kowace kujera mutum biyu take ɗauka.

Maganar mutum biyun nan ita ta tsaya mini a rai. Daga Kakangi aka kawo ni karatu wurin gwaggona, kuma ban iya shiga cikin yara ba. In an fita tara, ina gindin ɗorawa da littafi. Mutum ɗaya ke kula ni, wani dogon yaro ɗan Randagi. Da aka tashi ya dafa kafaɗata.

"Alaramma, ni da kai ne. In ka ji tsoro ka riƙe ni, amma kada ka yi mini amai a wando."

Ba a taɓa zaɓena a komai ba sai ran nan. Sai na ɗauki shirin ranar tamkar jarrabawa. Na tambayi malam inda ƙofar filin take, na tambayi direban gingimarin da zai kai mu yaushe ake isa. Na tsara mana: babban lilo da farko, tun layi bai yi tsawo ba, tun ciki ba kome. Sannan dawakan katako masu zagaya. Abinci a inuwa. In rana ta yi sanyi mu koma sama, don malam ya ce daga can ana hango kogi. Na karanta wa ɗan Randagin da ka, ya yi ta dariya, amma ya haddace.

Sautu ne ban tuna da shi ba. A unguwarmu ba a zuwa Kaduna hannu sake. Gwaggo ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa 'yarta da ke aure a Tudun Wada. Maƙwabciyarmu ta kawo kwalbar zuma, ta wata mai jego. Tsohon tela ya ce in isar masa da ta'aziyya gidan ɗan'uwansa.

"Ai duk Kaduna ce, ɗan nan," in ji gwaggo. "Ka miƙa ka wuce."

Mun keta daji da sassafe, yara na waƙa, ni kuwa ina rungume da kwalba kada ta fashe. A bakin filin malam ya dubi kayana, ya girgiza kai, ya ce in je amma in dawo kafin azahar. Abokina ya ce zai jira ni.

Ba a miƙa saƙo a wuce. A gidan farko aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, aka ɗora tukunya. Yayata, 'yar gwaggo, ta tambayi lafiyar kowa, har akuyar gwaggo. Duk sa'ad da na buɗe baki zan ce zan tafi, sai kunya ta rufe shi. A gida na biyu mai jego ta miƙo mini jinjiri. A gidan makoki kuwa aka zaunar da ni cikin dattawa, ba wanda ya motsa sai da aka yi la'asar. Daga ƙofar gidan nan na hango saman lilon, yana juyawa a hankali bayan rufin kwano.

Da na iso, an fara hawa mota.

"Ina ka shige?" in ji abokina. "Na tsaya har na gaji, ina ta barin mutane suna wucewa. Mai lilon ya ce ko in hau ko in ba shi wuri."

"Da wa ka hau?"

"Da monita. Kai, ka ga yadda ya ƙanƙame ni kuwa? Har uwarsa ya kira!"

Monita ya kai masa duka, suka tuntsure da dariya. A hanya kusa da juna suka zauna, ɗaya na cewa "ka tuna", ɗaya na ƙarasawa. Haka suka ci gaba har muka bar makarantar. Ni na jingina da katakon motar ina kallon itatuwa, hannuna na warin daddawa.

Gwaggo ta tare ni a zaure.

"Yaya ka baro su? Ta yi ƙiba kuwa?"

Na ce ta yi. Na faɗa mata duk abin da aka ce in faɗa, ban bar ko ɗaya ba. Ta sa mini albarka, ta ɗauko fitila, ta tafi kai wa tela labari.