Koren Saƙo

Shekarar da na gama karatu a Damagaram na koma gida Dungas, ƙungiyar manoman garinmu ta ba ni aiki. Suna son shafi a intanet da za a riƙa rubuta sunayen masu neman irin gyaɗa kafin damina. Na yi shi cikin mako biyu, ina ta jin kaina.

Wanda zai yi aiki da shi sakataren ƙungiyar ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya koyar da mahaifina, kowa Mushe yake ce masa. Kwana uku da farawa na duba, na ga wani manomi daga Kwaya ya fito sau biyar.

Na ce, "Mushe, mutumin nan biyar ne?"

Ya ce, "Ɗaya ne, ɗiyata. Na danna, abin bai ce mini komai ba, na sake dannawa. In ka ba mutum saƙo ai yakan ce to."

Gaskiyarsa. Sai na ƙara wani ɗan akwati kore da zai leƙo a gefen allon ordinate, wato kwamfuta, ya ce "An ajiye", ya ɓace da kansa bayan daƙiƙa uku. Haka aka koya mana: saƙo ya zo ya tafi, kada ya dami mai aiki.

Washegari Mushe ya aiko a kira ni. Shi in ya danna, sai ya ɗaga kai ya gyara tabarau, kafin ya gama, saƙon ya tafi.

Ya ce, "Wani abu ya wuce, kore. Me ya ce?"

"An ajiye ya ce."

"To gudun me yake yi?"

Na mai da shi daƙiƙa goma. Nan ma wani aiki ya samu. Mushe ya fara juya allon yana nuna wa manoma, su kuwa ba karatun boko suke yi ba, launin suke kallo. Kafin mako ya zagayo labari ya kai ƙauyuka: in ba ka ga kore ba, ba a rubuta ka ba. Mata suka riƙa tsaida ni a hanya suna sa mini albarka. Ban musa ba.

Ranar kasuwa mutanen Yekuwa suka zo a amalanke, biro, ofishin ƙungiyar, ya cika har waje. Kowa ya faɗi sunansa, ya ga korensa, ya tafi cin kasuwa. Da la'asar na buɗe jerin sunaye don in ji daɗi. Babu ko ɗaya daga cikinsu.

Sai da na zauna na gane abin da na yi. Na sa saƙon ya fito da zarar an danna, ban sa shi ya jira tabbacin cewa sunan ya isa ba. Rezo kuwa, wato layin intanet, tun hantsi ya ɗauke. Wuni guda akwatina yana ta yi wa mutane ƙarya cikin ladabi.

Na faɗa wa Mushe. Bai yi faɗa ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da kaye, littafinsa na rubutu, sunayen duka suna ciki da rubutunsa na malaman da, kowa da ƙauyensa.

Ya ce, "Ba raini ba ne, ɗiyata. Ni dai shaidar da ba ta tsayawa a yi mata tambaya ban saba da ita ba."

Kwana biyu na yi ina kwafa daga kayen zuwa na'ura, yana karanta mini a hankali kamar dikte, shiftar 'yan makaranta. Sannan na gyara: kore ba ya fitowa sai suna ya shiga, in bai shiga ba ja ne zai fito, kuma ba zai tafi ba sai an rufe shi.

Kasuwar da ta biyo, rezo ya sake ɗaukewa. Wata dattijuwa ta ga ja sau uku, aka ce ta jira. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ke kika taɓa shi?"

Na ce ni ce, Inna, gyara na yi.

Ta ce, "To mai da mana na da. Shi bai taɓa hana kowa ba."